Akwati Na Uku

Na dire akwatin a gaban Illo kafinta, cikin kasuwar Yelwa. Ya kumbura, gefensa duk ya ruguje.

"Na uku ke nan, Illo. Ko aikin ya fi ƙarfinka?"

Bai ko ɗago ba. "Na gaya maka, wanga garin katako ne aka matse, ba ya shiri da ruwa. Tiyonka ne ke yoyo."

Tiyona ba ya yoyo. Da kwamfutar nan nake haɗa bidiyon biki, ita ce abincina. Zafin Yauri ke kashe ta, shi ya sa na sa mata famfo da tiyo, ruwa na zagayawa yana sanyaya ta. Akwatin da zai rufe kayan kawai na nema. Na duba kowace mahaɗa, a bushe take.

Na kira shi macuci a gaban mutane. Tun firamare muke tare. Ya ce kar in sake taka rumfarsa.

Washegari aka ɗage wani biki, na dawo gida da azahar a gajiye. Na tarar da Inna a ɗakina, tana lulluɓe kayan da jiƙaƙƙen buhu, kamar yadda take yi wa randa. Ruwa na ɗiga cikin kwamfutar.

"Inna, mi kike yi?"

"Kullum in ka fita haka nika yi mata, ɗan nan. Yau da babu akwatin ma, sanyin zai fi ratsa ta."