Badon da Aka Shuka a Kwatarniya

Ke da kullum kike cewa "sai baɗi zan je gida", gyara zama ki ji. Wata mata ce 'yar fadama, an haife ta a bakin tafki inda bado ke rufe ruwa da kaka har ba a ganin ƙasa. Zama ya kai ta wani gari na kan tudu, mai jan ƙasa da tsakuwa. Kewa ta dame ta, sai ta aika aka kawo mata saiwar bado da taɓon tafkinsu cikin tsumma. Ta binne tsohuwar kwatarniya a gindin randa, inda danshi ba ya yankewa, ta zuba taɓon, ta dasa. Ba ta zuba masa ruwan wanki, ba ta bari akuya ta matso. Kuma ya yi. Ganyen ya kwanta a kan ruwa kamar faifai, farin fure ya buɗe da sassafe, rana na ɗagawa ya rufe. Takan zauna a gabansa da ƙoƙon kununta har ya huce, tana jin kamar muryar yayarta daga tsallaken ruwa. Duk wanda ya zo daga gida ya ce ana cigiyarta, sai ta nuna masa kwatarniyar ta ce, ai ga gida nan ta kawo kusa. Aka yi suna ba ta je ba. Aka yi rasuwa, ta aika da gaisuwa a baki.

Wata shekara bazara ta yi tsawo, kwatarniyar ta tsage, kafin ta ankara saiwar ta bushe ƙamas. Sai a lokacin ta ɗaura gyale ta nufi garinsu neman wata saiwar. Ta tarar an cike tafkin, an yi gine-gine a kai. Yayarta ta daɗe a ƙarƙashin ƙasa. Ta tsaya daidai inda suke wanka suna yara, wata matashiya ta leƙo daga zaure ta ce, "Baƙuwa, wa ake nema?" Ta buɗe baki, ta rasa sunan da za ta kira.

Fure kam ana dasa shi, in da danshi zai kama. Mutane ba a dasa su a kwatarniya. Ki tashi tun masu cigiyarki na da rai, don Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce, kowa ya bar gida, gida ya bar shi.