Kunnen Hagu

Harisu ba ya ji da kunnen hagu. Duk ƙauyen Kaikai an san haka, an kuma san dalili. Yana yaro, wata rana wajen kiwo, shanun gidansu suka faɗa gonar waken maƙwabci. Mahaifinsa, Malam Sada, ya tarbe shi a ƙofar gida da mari, har jini ya biyo kunnen.

A asibiti a Kankia, ma'aikaciyar jinya ta ce dodon kunnen ya fashe. "Baba, wannan ya wuce horo. Kamata ya yi doka ta hana irin wannan."

"Doka ce ta haifa mini shi?" in ji Malam Sada. "Ɗana ne. Gobe ma ya sake, in ƙara mai."

Kuma ya ƙara, ba sau ɗaya ba. Harisu bai taɓa ɗaga ido ya dube shi ba. Ya girma, ya auri Murja, garken ya dawo hannunsa.

Da tsufa ya zo, ɓarin jikin Malam Sada ya shanye. Harisu na kai masa fura, yana sayen magani, ba mai zarginsa da komai. Sai dai kullum in zai shimfiɗa tabarmarsa a gindin darbejiya, yakan zauna ne kunnen hagu na fuskantar ɗakin tsohon.

Wata ranar zafi, matan gidan sun tafi bikin suna a ƙauyen Dudunni. Ƙishirwa ta kama Malam Sada, ya miƙa hannu ga kwanon ruwa, ya zamo daga gado, ƙugunsa ya karye. Ya yi ta kira har muryarsa ta dushe. Harisu na tufkar igiya. Ya ji alamar sunansa daga nesa, bai juya kai ba.

Murja ce ta tarar da tsohon a ƙasa bayan la'asar. Daga ranar Malam Sada bai ƙara iya zama da kansa ba.

Da suka kaɗaita, Malam Sada ya tambaya, hawaye na bin gemunsa: "Harisu, ba ka ji ni ba?"

Harisu ya gyara masa mayafi a natse. "Ta wane kunnen ka kira ni, Baba?"

Jama'a, abin da Harisu ya yi zalunci ne, amma a gida ya koye shi. Ko doka ta hana ko ta ƙyale, dukan da ke raunata yaro ba tarbiyya ba ne. Ƙiyayya ce ake reno, kuma tana jiran ranar da ƙarfin iyaye zai ƙare.