Maɗinkin da Ya Share Sawun Gara

Ajiye tsintsiyar nan, Ɗanjuma. Ba kai ka ce gobe masu maganin gara za su zo duba gidanka ba? To zauna ka ji abin da ya sami wani maɗinki.

Dattijo ne mai tsabta, mai gudun abin kunya, irin mutanen da ko ciwo na cin su sai su ce maka lafiya lau. Shekara bakwai yana fama da gara a gidan da ya gada. Ya zuba toka, ya zuba gishiri, ya shafa baƙin mai a gindin kowane ƙyaure har gidan ya koma warin gareji. A banza! Yau ya kankare, jibi ta sake ɗora gininta a bango kamar ba a yi ba. Ta ci tabarma, ta ci ƙafar teburin keken ɗinkinsa. Duk wannan bai dame shi ba kamar adakar katako da ke ƙuryar ɗaki, inda littattafan mahaifinsa suke, rubutun hannun tsohon ne, kuma su kaɗai ya ce masa a kula da su. Da gwiwa ta gaji, baya ya ƙi sunkuyo, sai ya haƙura ya kira waɗanda aikinsu ke nan. Shugabansu ya sa masa Laraba, ya ce, "Baba, abu ɗaya nake roƙo, kada a taɓa komai. Hanyar da ta gina a bango ita za ta kai mu gidanta."

Ya ce to. Amma ran Talata da ya tsaya ya dubi bangon ƙuryar nan, jar laka ta yi rassa tun daga ƙasa har rufi, sai kunya ta rufe shi. Haba! Baƙi su shigo har ƙurya, su fita suna cewa gidan wane ya zama suri? Ai ba a tarbar baƙo da ƙazanta. Ya ɗauko wuƙa ya kankare tas, ya shafe bangon da farar ƙasa. Babban ramin da ke kusurwa kuwa, ya rasa abin da zai ɓoye shi da shi, sai ya jawo adakar nan ya ɗora a kai, ya lulluɓe ta da sabon zane. Ya gama yana nishi, amma ransa fes.

Laraba ta yi, suka zo da tocila da ɗan ƙarfen ƙwanƙwasa katako. Suka bi zaure da madafa, suna sa alama duk inda suka ga sawu. Da suka leƙa ƙurya suka ga bango fari ƙal, shugaban ya ce, "Nan fa, Baba?" Ya ce, "Nan lafiya lau." A ransa yana cewa ai magani in ya shiga ƙasa, ko'ina zai kai. Mutanen nan ba su yi ha'inci ba, wallahi. Suka haƙa rami a gindin bangon gaba, suka huda daɓe, suka ɗura magani duk inda aka nuna musu. Gara ta ga an toshe mata kowace ƙofa sai guda, kuma a bakin wannan ɗin an ajiye mata abinci.

Damina ta wuce bai ga ko zare ɗaya a bango ba, ya samu hutun da ya shekara bakwai yana nema. Sai ƙanwarsa ta zo daga garin da take aure, ta ce tana marmarin ganin rubutun Babansu. Ya kama adakar zai jawo ta haske, sama ta taso, gindin ya zauna. Ciki jar ƙasa ce zalla, ta ɗauki siffar littattafai, jere yadda tsohon ya bar su. Ƙanwar ta kai hannu ta taɓa na sama, ya rushe. Ko kuka bai iya yi ba, gajiya ta fi ƙarfinsa. Ya zauna a daɓe ya ce, "Ni na ɗora wa gara da hannuna."

To kai ma ga tsintsiya, ga bango, in kunyar ce ta fi maka. Amma masu iya magana sun riga sun faɗa: ranar wanka ba a ɓoyon cibi.