Wanda Ya Fara Taka Ƙasa

Rana ta take, amma babu wanda ya sauka daga doki. Gwamnonin iyaka biyu sun ja daga a gindin turken da ya raba daular Turkawa da ta Ostiriya. Ƙa'idar sulhu a bakin kogin Danub sananniya ce: wanda ƙafarsa ta fara taka ƙasa, sarkinsa ne ƙarami.

Gwamnan Ostiriya, wani tsoho, ya ƙare wa Basha, gwamnan Turkawa, kallo. Shekara tara suna rubuta wa juna "maƙwabcina abin ƙauna", suna ƙone wa juna ƙauyuka, sai yau suka haɗu.

"Sauka mana, maƙwabci," in ji Basha ta bakin tafinta. "Ko sai an kawo maka tsani?"

"Kai ne yaro. A garinku ba a koyar da ladabi?"

"To mu kwana a nan, tsoho."

Tsohon ya waiwayi sojojinsa, har sun dafa takubba. In aka watse haka, kafin girbi an koma yaƙi. Ya ja tsaki, ya ƙetaro da ƙafar dama, takalminsa ya taɓa ƙasa.

Turkawa suka kaure da ihu. Basha ya diro da ƙafa biyu yana dariya.

Sai tsohon ya riƙe sirdi, ya kwance maɗaurin gwiwarsa. Takalmin ya faɗi, ƙafar katako ce a ciki. Ƙafar hagu tana nan cikin likkafa.

"Wadda kake jira, igwarku ta cinye ta tun kana goye," ya ce. "Barka da sauka, maƙwabci."