Jan Ido a Ɗakin Intisar

Intisar ta sake tsoma auduga cikin sifirit, ta goge wurin ɗora haɓa na na'urar gwajin ido, ta goge wurin jingina goshi, sannan ta cire ɗan bakin na'urar da ke taɓa ƙwayar ido ta jefa shi cikin ruwan magani. Ta tsaya jiran ya jiƙa, kamar yadda take yi bayan kowane mara lafiya.

Daga waje aka buga ƙofa. Baba Abdul-Ati ne, manomin rake, wanda tun hantsi yake kan benci.

"'Yar nan, wankan gawa kike wa ƙarfen nan ne? Rakena na can a yashe a gona!"

Layi ya kwashe da dariya. Sai ga muryar mahaifiyarta, Hajiya Zakiyya, daga kujerarta ta bakin ƙofa: "Kai Abdul-Ati, ka bar min yarinya ta yi aikinta. Raken naka ƙafa gare shi?"

Tun rasuwar mahaifin Intisar tsohuwar ta ƙi zaman gida ita kaɗai. Kullum tana biyo 'yarta wannan ƙaramin asibitin ido da ke gefen garin Suhaj na ƙasar Masar, ta zauna da carbinta da 'yar jakar da ta dawo da ita daga Makka, tana share idonta na hagu da ya daɗe yana ruwa. Tsufa ne, in ji ta. Duk wanda ya fito daga ɗakin gwaji sai ta jawo shi ta yi masa addu'a, kuma in ban da ita, da tuni layin nan ya cinye Intisar ɗanya.

Abin da ke cin ran Intisar ba surutun layi ba ne. Mutum zai zo neman tabarau da idonsa garau, bayan mako guda ya dawo ido jajir, kwantsa ta liƙe fatar. Da farko mutum biyu ne, sannan ya zama kullum. Mata, tsofaffi, yara. Samarin nan masu sauri da ke ficewa waya a kunne ko ɗaya bai dawo ba, har ta fara cewa a ranta cutar ma tsoron marasa kunya take.

Dakta Milad, mai asibitin, ba mutum ne mai faɗa ba, shi ya sa maganarsa ta fi zafi. Ya ce, yana kallon na'urar ba ita ba, "Intisar, ƙarfen nan hannu ɗaya ke wanke shi."

Ta haɗiye maganar. Ta zubar da tsohon ruwan magani ta haɗa sabo. Ta daina amfani da kwalbar ɗigon ido ɗaya ga mutum biyu. Ta goge mariƙin ƙofa, ta goge firam ɗin gwajin tabarau har fentinsa ya fara tashi, ta wanke hannu har bayan yatsunta suka tsage. Tsakanin mara lafiya da na gaba, lokacin da take rufe ƙofa tana goge-goge ya ninka. Layi ya ƙara tsawo, baƙar magana ta ƙara yawa, jan ido kuwa ko gezau.

Haushi ya ishe ta. Ta ji haushin likitan, ta ji haushin masu cewa hannunta ne ba shi da albarka, ta ji haushin na'urar kanta. A kasuwa wata mai sayar da burodi ta janye ɗanta daga kusa da ita. Da ta faɗa wa mahaifiyarta a hanyar gida, tsohuwar ta ce bakin mutane ne, kuma ita tana nan tana yin iya nata ƙoƙarin.

Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Jikar Baba Abdul-Ati, 'yar shekara shida, wadda aka kawo gwajin ido kwanakin baya, ta dawo da fari-fari a kan baƙin idonta, tana cewa hazo take gani. Kakan bai yi ba'a ba ranar. Ya kai ƙara hukumar lafiya.

Jami'ar da aka turo ta duba komai. Ta shinshina ruwan magani, ta sa Intisar ta wanke na'urar a gabanta, ta kasa samun abin kamawa. Duk da haka ta ce cuta daga nan take fita, don haka a rufe wurin, kuma takardar aikin Intisar za ta zauna a hannunsu sai an gama bincike. Dakta Milad ya raka jami'ar mota.

Intisar ta fito ɗakin jira da babu kowa, ta zube kan benci, ta fashe da kukan da ta daɗe tana dannewa. Shekara goma da ɗoriya tana wannan aiki, ba wanda ya taɓa cewa ta yi ƙazanta.

Hajiya Zakiyya ta matso, ta share mata hawaye da gefen mayafi. Ta buɗe 'yar jakar Makka, ta fito da tandun kwalli, ta zaro tsinkensa, ta fara zizara wa nata idon na hagu mai ruwa don kwallin ya yi laushi.

"Ɗago fuskarki, uwata. Kwallin Harami ne, maganin bakin mutane. Ke kaɗai ban taɓa sa wa ba, kullum kina ciki kina goge-goge, amma tun da na dawo hajji, in ban da samarin nan marasa kunya, ba wanda ya fito daga ɗakinki da ban sa masa da tsinken nan ba."