Wuta a Bakin Tafki

Bayan an binne Mama, wata rana da la'asar Baba ya kai ni tafkin bayan gonarmu a Dabai. Ya caka sanda cikin laka, kumfa ta taso. Ya tare ta da ƙwarya a kife, ya ƙyasta ashana. Wuta shuɗiya ta kama, ta mutu.

Ya ce, "Ganye ne ya ruɓe a ƙasa. Inda na yi soja, laka ta danne irinsa har ya zama kwal, dutse ya rufe iskar a ciki. Abin da ƙasa ta rufe, numfashinsa na nan."

Na ce, "Har Mama?"

Sai ya miƙo mini ƙwaryar.

Yanzu in na kunna gas a ɗakina ni kaɗai, nakan daɗe ban ɗora tukunya ba.