Jan Layi a Jikin Kwalba

Ranar ɗaya ga kowane wata na damina, Malam Muhammadu Lawal yakan ja layi da jan fenti a jikin wata doguwar kwalba, ya ɗora mata mazurari, ya kafa ta a tsakar gidansa da ke Gwiwa. Layin nan alkawari ne: nan ruwan sama zai kai kafin wata ya ƙare.

Malamin firamare ne, kuma yana da bayaninsa da yake ji da shi. Gwargwadon zafin bazara, gwargwadon ruwan damina. Sai ya auna zafin, ya yi lissafi, ya ja layi. Yakan gaya wa ɗalibansa cewa bayanin kirki shi ne wanda ke faɗin abu tun bai faru ba, ya tsaya a ƙaryata shi in an iya. Ba irin na Daudu sarkin noma ba, da sai an gama girbi yake sanin dalili.

A shekarar farko ruwa ya kasa kai layin, saura yatsa biyu. Malam ya kwana uku bai taɓa tuwo ba, mahaifiyarsa Inna Dela tana ta rarrashi. Daga nan bai sake kuskure ba. Shekara shida kwalba ba ta ba shi kunya ba, har malamai daga Roni da Kazaure suke zuwa a kan keke su gani da idonsu. Inna takan janye butarta daga gefen kwalbar, ta shimfiɗa musu tabarma tana murmushi.

Bazarar 1973 ta zo da zafi mai ƙona tafin ƙafa, kuma a cikinta Inna ta rasu. Malam ya ja layinsa can kusa da wuyan kwalba. Daudu ya ba da shawara a shuka rabin iri a ɓoye rabi, a sayar da shanu tun suna da nama. Malam ya buɗe littafinsa a ƙofar gidan dagaci, shafi bayan shafi, shekara shida ba kuskure. Mutane suka bi takarda, suka zuba irinsu kaf a ƙasa.

Gero ya fito, ya tsaya iya ƙwauri, ya yi ja. Amma kwalba ta kai layi a watan farko, ta kai a na biyu. Da aka tambaye shi ina ruwan yake tafiya, ya ce rairayi ne ke shanyewa. Da aka sake tambaya, ya ce iska ce ke busarwa. Shi kansa ya ji bakinsa ya fara kama da na Daudu, kunya ta rufe shi.

Shanu suka dinga faɗuwa a hanyar Babura. Gidaje suka fara rufewa, masu su na nufar Kano da tabarmi a ka. Ba wanda ya zage shi, gaisuwa ce kawai ta ragu, kuma hakan ya fi zagi ciwo. Abin da ya fi ci masa rai shi ne ya rasa inda lissafin ya karkace.

Ranar ƙarshen Agusta ya dawo daga masallaci da sassafe, ya tarar da matarsa Saude a durƙushe gaban kwalbar, butar Inna a hannunta. Ko razana ba ta yi ba.

"Inna ce ta bar mini aikin kafin ta rasu," in ji ta, tana ƙarasa zubawa a hankali. "Ta ce duk ƙarshen wata a cika ta zuwa jan layin, don in ta kasa ba ka cin abinci."